Akwatin Da Ake Hana Ɗalibi Buɗewa

Kwamfutar tebur akwati ce ta ƙarfe da 'yan sukurori a bayanta. Idan aka kwance su aka zare murfin gefe, duk kayan cikinta a fili suke: babban allon da masu gyara ke kira bod, furosesa a ƙarƙashin fankarta, sandunan ram a tsaye cikin gurabensu, ma'ajiyar bayanai, da na'urar da ke rarraba wuta. Kowanne ana iya cire shi a sa wani. Wannan sauƙin ne ya haifar da irin ɗalibin nan da kowane ɗakin kwanan ɗalibai ya san da shi, wanda sukundireba ba ta rabuwa da aljihunsa, wanda ake buga wa ƙofa da tsakar dare idan kwamfutar wani ta ƙi tashi ana saura kwana biyu a miƙa furojet. Irinsa ne ake neman ƙararwa, kuma ta fuska biyu ake yi masa sara.

Buɗaɗɗen akwatin yana da asali. Apple II ta shekarar 1977 ta zo da gurabe takwas na ƙara kaya, saboda Steve Wozniak, wanda ya ƙera ta, ya fito ne daga ƙungiyar masu harhaɗa kwamfuta don sha'awa. A 1981 IBM ta fitar da tata kwamfutar, ta kuma buga littafi mai ɗauke da zanen yadda wuta ke bi a cikinta, abin da ya ba wasu kamfanoni damar ƙera kayan da za su shiga cikinta daidai. A 1995 Intel ta fito da tsarin ATX, wanda ya daidaita girman bod da wuraren ɗaure sukurori. Shi ya sa har gobe ake iya ɗauko bod na wannan kamfani a ɗaura a akwatin wancan, ya zauna daram.

Da akwatin ya zama na kowa, sai masu sha'awa suka fara yi masa kwaskwarima. A ƙarshen shekarun 1990 kusan duk kwamfutoci kala ɗaya ne, fari-fari mai kama da tsohon haƙori. Matasa a Amurka da Turai suka ɗauki zarto suna yanka taga a murfin gefe, su liƙa roba mai kama da gilashi, su sa fitila a ciki, su yi fenti. Wasu suka huda ramuka don ƙarin fanka. Masu ƙarfin hali suka sanyaya furosesa da ruwa, da ƙaramin lagireton da suka ciro daga tsohuwar mota da famfon tankin kifin ado. Yau akwati mai gefen gilashi da fitilu masu sauya kala a kanti ake sayensa. Kamfanoni sun kwaikwayi yaran ne, suka sa farashi.

Labarin fensir shi ya fi komai nuna halin waɗannan mutane. A shekarar 2000 kamfanin AMD yana sayar da furosesa iri biyu, Athlon da ƙanensa mai araha Duron. Gudun kowace furosesa an ƙayyade shi daga masana'anta, kuma hanyar ƙayyadewar a bayyane take a kan fuskarta: wasu 'yan ƙananan gadoji huɗu na ƙarfe, masu lamba L1, waɗanda aka datse da hasken leza. Muddin suna datse, mai kwamfuta ba ya iya taɓa saitin gudun. Sai wani ya tuna da darasin firamare, cewa baƙin abin da ke cikin fensir yana ɗaukar wutar lantarki. Aka fere fensir ya yi tsini, aka goga a kan kowace gada har ta haɗe, ana kaffa-kaffa kada layin wannan ya taɓa na waccan. Kulle ya buɗe. Ɗalibin da kuɗinsa bai wuce na Duron ba ya samu gudun da ya kusa na mai tsada, da fensirin da bai kai kuɗin shayi ba. Da Athlon XP ya fito a 2001, datsewar ta zama rami mai zurfi, fensir ya daina ci. Ba su haƙura ba: suka cike ramin da gam, suka ja layi a kai da fenti mai ɗaukar wuta. Kafin wannan ma, a 1998, an yi yayin Celeron 300A na Intel, wanda ake ɗaga gudunsa daga megahaz 300 zuwa 450 da sauya saiti guda. Wanda ya yi irin wannan aiki dole ya fahimci zafi, da ƙarfin wuta, da dalilin da na'ura ke sandarewa. Wasu sun ƙona furosesa, sun yi kuka, sun koya. Babu malamin da ya ba su wannan a matsayin aikin gida.

A ƙasar Hausa wannan sha'awa ta wuce ado. Kwamfutocin da ɗalibai ke riƙewa galibi tokumbo ne, HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad da ofisoshin Turai da Amurka suka gama da su, suka biyo ta Computer Village a Ikeja suka iso titin Beirut a Kano. An ƙera su ne don ɗaki mai sanyi. A nan kuwa suna haɗuwa da zafin bazara da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu da ke toshe fanka har ta zama kamar audugar katifa, da wutar da ke zuwa da ƙarfi ta tafi babu sallama. Da yawa daga cikin kwamfutocin da ake cewa sun mutu, ƙura ce ta shaƙe su, ko man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta ya bushe. Ɗalibi mai sukundireba da buroshi yakan tashe su cikin rabin awa, ladansa kuma sau da yawa kwanon indomi ne da "Allah Ya saka".

Sara na farko daga masana'antu yake. A 2012 Apple ta fitar da MacBook Pro mai allon Retina, ram a liƙe da dalma a jikin bod, batir a manne da gam, sukurorin kuma masu kai mai kusurwa biyar da sukundireban kasuwa ba ta kamawa. Kamfanin iFixit, mai auna sauƙin gyaran na'urori, ya ba ta maki 1 cikin 10. Maimakon sauran kamfanoni su guje wa wannan hanya, sai suka bi sahu. Yanzu ɗalibi kan tara kuɗi wata da watanni don ya ƙara ram, ya buɗe siririyar kwamfutarsa ya tarar babu gurbi. An ce sirantaka da rashin nauyi da daɗewar caji ne suka jawo haka, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma sukuru mai kusurwa biyar bai rage wa kwamfuta nauyin ko ƙwayar gero ba. Aikinsa ɗaya ne, ya gaya wa mai kaya cewa kayan ba nasa ba ne. Sannan ga Microsoft, wadda ta janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, alhali Windows 11 ba ta karɓar na'urar da ba ta da sashen tsaro na TPM 2.0, ko wadda furosesarta ta Intel ta girmi zubi na takwas. Kwamfutoci lafiyayyu, irin waɗanda suka cika shagunan gwanjo, an yi musu ritaya da alƙalami. Faransa ta tilasta rubuta makin sauƙin gyara a jikin wasu kayan lantarki tun 2021, Tarayyar Turai ta yi dokar haƙƙin gyara a 2024. Ƙasarmu, wadda ta fi su dogaro da gyara, ba ta ce uffan ba.

Sara na biyu na cikin gida ne, kuma shi ya fi ciwo. An sha jin labarin ɗakin kwamfuta mai kwaɗo, inda na'urori ke lulluɓe da ƙyalle sai ranar da baƙi za su zo daga ma'aikata.  Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, amma har yanzu akwai makarantun da ake zana linzami a allo da alli, yara su kwafa, a ba su maki. Ɗalibi na iya haddace ma'anar ram da Turanci, ya ci jarrabawa, ya karɓi takardar shaida, bai taɓa riƙe sandar ram a hannu ba. Yaron shago da bai gama sakandare ba, wanda ogansa ya miƙa wa matacciyar kwamfuta ya ce "kwance ta ka mayar", ya fi shi sanin abin da ke ciki nesa ba kusa ba. Wannan abin kunya ne, kuma ba talauci ya jawo shi ba, tsoro ne: malami na tsoron a ce ya lalata kayan gwamnati, shugaban makaranta na tsoron mai binciken kaya.

Jami'ar Cambridge ta taɓa ganin alamar wannan ciwo. Eben Upton da abokan aikinsa sun lura cewa masu neman shiga fannin kwamfuta suna raguwa, waɗanda ke zuwa kuma ba su taɓa wasa da cikin na'ura ba. Maganinsu shi ne Raspberry Pi, wadda ta fito a 2012 a kan dala 35, tsirara babu akwati, mai arahar da yaro zai iya ƙona ta ba a yi masa duka ba. Makarantun nan ba sa ma buƙatar kashe dala 35. A sito na kusan kowace kwaleji da ma'aikata akwai tulin matattun kwamfutocin tebur, ƙura ta rufe su, suna jiran takardar izinin zubarwa da ba ta zuwa. Daga guda biyar ana iya tayar da biyu, sauran ukun kuma su zama na koyon kwancewa da yanka taga da fenti. Abin da ake buƙata shi ne makullin siton, sukundireba goma, da takarda mai sa hannun shugaban makaranta cewa ɗalibin da ya karya wani abu a cikinsu ba zai biya ba.