Ziyarar Yankari Karatu Ce, Ba Yawon Shan Iska Ba

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Yaranmu sun san giwa a tatsuniya, sun san ta a karin magana, sun ga hotonta a littafi, amma kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa ganin ko da sawunta a ƙasa. Saboda haka muna so mu jawo hankalin malamai, da akawunan da takardun kuɗin makarantu ke bi ta hannunsu, ga amfanin kai 'yan makaranta Gandun Dajin Yankari na ƙasar Bauci, ko da na yini guda ne.

A 1956 Gwamnatin Jihar Arewa ta wancan zamani ta keɓe wannan daji, aka buɗe shi ga jama'a a 1962. A 1991 ya koma hannun Gwamnatin Tarayya, sa'an nan a 2006 aka mayar wa Gwamnatin Bauci. Faɗinsa ya fi murabba'in mil 860. Daga Bauci ana bin hanyar Gwambe, a ratse a Dindima, a shiga ta ƙofar Mainamaji, a yi tafiyar kamar mil 26 kafin a kai sansanin Wikki. A nan ne ɗaya daga cikin manyan garkunan giwa da suka rage a Nijeriya ya ke, an kuwa ƙiyasta su tsakanin 100 da 150 kurum.

To, ga abin da ya dame mu. Mun raka ɗaliban kwalejin horon malamai can, muka ga tun kafin mota ta tsaya hankalinsu ya tafi ga ruwan ɗumi na Wikki. Ba mu ga laifinsu ba, gama ruwa ne garai garai, mai ɗumi dare da rana. Amma da muka bar su, da sun dawo gida ba su da labari sai na wanka da na gwaggon birin da ya ƙwace musu burodi. Irin wannan tafiya asarar kuɗin mota ce.

Malamin da zai kai yara ya fara shiri tun daga aji. Ya gaya musu giwa tana ɗaukar ciki wata 22, ta haifi ɗa guda, sa'an nan ta yi shekara huɗu ko biyar kafin ta sake haihuwa. Ya ba su lissafi: in maharbi ya kashe giwaye 10 cikin shekara guda domin haure, shekara nawa za a yi kafin garke ya mayar da gurbinsu? Ya gaya musu a 1989 ƙasashen duniya suka hana cinikin hauren giwa tsakaninsu, amma ɓarayin daji ba su daina ba.

Ya zaɓi lokacin rani, sa'ad da ciyawa ta bushe, namun daji suka taru a bakin kogin Gaji. A bar gari da asuba, domin dabbobi da safe da la'asar su ke fitowa. Kowane yaro ya riƙe takarda da fensir, ya rubuta abin da ya gani, ko ɓauna, ko gwanki, ko kanki, ko gwambaza, ko mugun dawa. Kada kuwa malam ya yi alkawarin za a ga giwa, gama daji ba gidan zu ba ne. In ba a gan ta ba, akwai sawunta, da kashinta, da itatuwan da ta kakkarya, masu gadin daji kuwa sun iya karanta waɗannan kamar yadda mu ke karanta allo. In rana ta yi zafi a leƙa kogunan dutse na Marshall, ɗakuna 59 da mutanen dā suka fafe cikin dutse, domin yara su san wurin yana da tarihin mutane kuma.

Akwai wata magana da ba za mu ɓoye ba. Manomin da gonarsa ke gefen daji ba ya kallon giwa da idon ɗan yawo. Babbar giwa tana iya cin abinci mai nauyin kilo 150 a yini, garke kuwa yana iya share gonar dawa cikin dare ɗaya. Wanda aka yi wa haka, wa'azin kiyaye namun daji ba zai cika masa rumbu ba. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Don haka a tsaya a wani ƙauye na kusa, yara su gai da dattawa, su ji daga bakinsu. Yaron da ya ji ɓangaren biyu, in ya girma ya zama akawu ko hakimi, zai san cewa tsaron giwa ba ya yiwuwa sai an dubi haƙƙin mai gona.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. In muka yi sakaci, jikokinmu za su riƙa kiran jarumi toron giwa ba su san abin da su ke kwatantawa ba. Muna roƙon shugabannin makarantu su sa wannan ziyara cikin tsarin shekara, akawuna kuma kada su jinkirta takardar kuɗin mota har damina ta faɗi. Allah ya sa mu gane.