FILIN UWARGIDA: Goyo Ba Ya Hana Riƙe Biro



Yau da ku nake, 'yan matan Tozai, Isa da Sabon Birni. Wai don Allah wa ya ce da an haihu boko ya ƙare? Ga shi rashin tsaro ya bar mata da yawa a ƙasar Gobir da marayu a hannu, ba gona ba jari. To 'yar uwa, tun ran gini ran zane.

Aikin akanta daga ɗaka ake fara shi. Ki sayi littafi, ki raba shafi biyu: abin da ya shigo da abin da ya fita. Bashi shafinsa daban, da suna da kwanan wata. Naira daban, sefa daban. Ki gwada hannunki da adashin unguwa ko shagon maigida, bayan isha'i in yara sun yi barci.

In kina da kiredit 5 har da Turanci da Lissafi, akwai difloma ta shekara 2 a kwalejin fasaha ta Umaru Ali Shinkafi a Sakkwato, ko ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda. Akwai kuma jarrabawar ATS ta ƙungiyar akantoci ICAN, wadda aka kafa a 1965. Mataki 3 ce, kuma kina iya shirya mata daga gida.

Maigida da lalama ake shawo kansa, yara kuma a roƙi kaka ta taya riƙo. Sai dai fa kuɗin mutane amana ne, ko sisi kar ya yi ciwon kai.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum.