Addinin mataimakin shugaban ƙasa: Me tsarin mulki ya ce, me zaɓen 2023 ya nuna?

Tun daga ranar 10 ga Yuli, 2022, da Bola Ahmed Tinubu ya sanar a Daura cewa Sanata Kashim Shettima ne zai zama mataimakinsa a takarar shugaban ƙasa ta jam'iyyar APC, muhawara kan addinin wanda ya kamata ya riƙe kujerar mataimaki ba ta lafa ba a Najeriya. Yanzu da ake tunkarar zaɓen 2027 maganar ta sake tasowa, musamman bayan hatsaniyar da ta ɓarke a taron APC na shiyyar Arewa maso Gabas a Gombe a watan Yuni na 2025, inda magoya bayan Shettima suka fusata saboda an goyi bayan Tinubu ba a ambaci sunan mataimakinsa ba.

A wancan lokacin, Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, CAN, ta yi watsi da haɗin Musulmi biyu a takara ɗaya. Daga cikin APC ɗin kanta, tsohon Sakataren Gwamnatin Tarayya Babachir Lawal da tsohon Kakakin Majalisar Wakilai Yakubu Dogara sun fito fili sun nuna adawa, bisa hujjar cewa an yi watsi da Kiristocin Arewa. Magoya bayan Tinubu kuwa sun kare matakin da cewa cancanta suka duba, suna nuni da shekaru takwas da Shettima ya yi yana mulkin Borno, daga 2011 zuwa 2019, a tsakiyar rikicin Boko Haram, da kuma aikin banki da ya yi kafin shigarsa siyasa.

A shari'ance babu wata taƙaddama. Sashe na 131 na Tsarin Mulkin 1999 ya gindaya sharuɗɗa huɗu ga mai neman shugabancin ƙasa: ya zama haifaffen Najeriya, ya kai shekara 35 kamar yadda gyaran 2018 ya tanada, wata jam'iyya ta tsayar da shi, kuma ya yi karatu aƙalla zuwa matakin sakandare. Sashe na 142 ya ɗora waɗannan sharuɗɗa a kan mataimaki. Babu inda aka ambaci addini. Sashe na 10 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma, sashe na 42 kuma ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda imaninsa. Masu adawa da takarar 'yan addini ɗaya sukan jingina da sashe na 14(3), wanda ya bukaci tsarin gwamnati ya nuna daidaito tsakanin sassan ƙasar, don kada wasu jihohi ko ƙabilu ko ɓangarori su mamaye mulki. Hujjar tasu ta dogara ne ga manufar dokar, domin lafazinta bai hana komai ba.

Abin da ake jayayya a kai al'ada ce ta siyasa. Daga 1999 zuwa 2023 an saba ganin Musulmi da Kirista a saman mulki: Obasanjo da Atiku, 'Yar'aduwa da Jonathan, Jonathan da Namadi Sambo, Buhari da Osinbajo. Sai dai al'adar ba ta kai tsufan da ake zato ba. A 1979 Obafemi Awolowo ya tsaya da Philip Umeadi, Nnamdi Azikiwe kuma ya tsaya da Farfesa Ishaya Audu, dukansu Kiristoci. A zaɓen 12 ga Yuni, 1993, M.K.O. Abiola da Babagana Kingibe, Musulmi biyu, sun sami karɓuwa a Kudu da Arewa, har Abiola ya kayar da Bashir Tofa a jiharsa ta Kano.

Abin da ya canja tsakanin 1993 da 2022 shi ne yardar da ke tsakanin al'umma. Rikicin Kaduna na 2000, da na Jos daga 2001, da tashin hankalin bayan zaɓen 2011, da hare-haren Boko Haram a masallatai da majami'u, sun bar tabon da ya sa kowane ɓangare ke ƙirga kujeru. Ga Kirista a Kudancin Kaduna ko Filato ko Taraba, kujerar mataimaki alama ce ta cewa ana tafiya da shi. Wannan damuwa ba ta wuce gona da iri ba, kuma bai kamata a ɗauke ta a matsayin tsabar son zuciya ba. Ɗaya ɓangaren ma yana da hujjarsa ta lissafi: ɗan takara Musulmi daga Kudu yana buƙatar ƙuri'un Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas, kuma jam'iyyarsa ta yi hasashen cewa mataimaki Musulmi ne zai fi kawo su.

Sakamakon zaɓen 25 ga Fabrairu, 2023, bai ba kowane ɓangare cikakkiyar gaskiya ba. Tinubu ya yi nasara da ƙuri'u 8,794,726, Atiku Abubakar ya samu 6,984,520, Peter Obi kuma 6,101,533. Obi ya cinye Filato, jihar Simon Lalong wanda ya jagoranci yaƙin neman zaɓen APC, ya kuma cinye Nasarawa da Abuja da Legas, abin da ke nuna cewa ƙorafin addini ya yi tasiri, ko da ba shi kaɗai ba ne dalili. Amma Tinubu ya ci Binuwai, jihar da mafi yawan mutanenta Kiristoci ne, yayin da Atiku ya ci Katsina da Sakkwato da Kebbi da Yobe, Rabi'u Kwankwaso kuma ya ci Kano. Ma'ana, mataimaki Musulmi bai tabbatar wa APC jihohin Musulmi ba, rashin Kirista kuma bai hana ta duk jihohin Kiristoci ba.

Bayan hawa mulki, gwamnati ta nemi daidaitawa ta wasu kujerun. George Akume na Binuwai ya zama Sakataren Gwamnatin Tarayya, Godswill Akpabio ya zama Shugaban Majalisar Dattawa, a watan Yuli na 2025 kuma Farfesa Nentawe Yilwatda na Filato ya karɓi shugabancin APC. Ko wannan ya wadatar, masu zaɓe ne za su yanke hukunci.

Abin da muhawarar ke yawan binnewa shi ne nauyin kujerar kanta. Mataimakin shugaban ƙasa ne ke jagorantar Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda ta haɗa gwamnoni 36 da Gwamnan Babban Banki. Shi ne kuma magajin shugaba nan take idan ta Allah ta kasance. Najeriya ta ga haka a 2010, lokacin da Majalisar Tarayya ta mayar da Goodluck Jonathan muƙaddashin shugaba a watan Fabrairu, ya kuma zama shugaba bayan rasuwar Umaru Musa 'Yar'aduwa ranar 5 ga Mayu. Ta sake gani a 2017, da Yemi Osinbajo ya riƙe ƙasar tsawon watanni yayin da Buhari ke jinya a Landan. A irin wannan rana, abin da ɗan ƙasa zai tambaya shi ne ko mutumin zai iya riƙe tsaro da baitulmali, ya kuma yi adalci ga wanda ba addininsu ɗaya ba.

Don haka akwai ma'aunin da ya fi tambayar masallaci ko majami'a amfani, kuma ana iya gwada shi a kan kowane ɗan takara da ya taɓa riƙe muƙami: yadda ya raba naɗe-naɗe, yadda ya kula da wuraren ibadar kowa, da matakin da ya ɗauka lokacin da rikici ya ɓarke a yankinsa. Jam'iyyun da ke shirin 2027 suna da 'yancin zaɓen wanda suka ga dama. Wadda ta tsayar da 'yan addini ɗaya, wajibi ne ta bayyana wa sauran jama'a yadda za a dama da su. Wadda ta haɗa Musulmi da Kirista kuwa, ita ma sai ta nuna cewa mataimakin da ta ɗauko zai iya shugabancin ƙasa idan nauyin ya faɗo kansa.