Gardamar suna a kan gubar da ba ta ruɓewa

Akwai wani dangin sinadarai da masana ke kira PFAS. Ɗan Adam ne ya ƙera su, ya ɗaure karbon da fulorin ɗaurin da rana da ruwa da ƙasa ba su iya kwancewa. Da su ake yin kaskon suya wanda abinci ba ya kamawa, da rigar ruwa, da kumfar kashe gobara. In sun shiga rijiya ko jinin mutum, sai su yi shekara da shekaru. A 2023 hukumar duniya mai binciken ciwon daji ta sa ɗaya daga cikinsu, PFOA, cikin abubuwan da ke kawo wannan ciwo.

Yarjejeniyar Stockholm ta 2001, wadda Nijar ke ciki, ta bi su ɗaya bayan ɗaya: PFOS a 2009, PFOA a 2019, PFHxS a 2022. To amma dubbai ne. In an hana wannan, sai masana'antu su ɗan sāke shi, su raɗa masa sabon suna. Shi ya sa a 2023 Jamus da Holand da Danmak da Norwe da Suwidin suka nemi Turai ta hana dangin gaba ɗaya.

Nan gardama ta tashi: wane ne ɗan dangi? Ƙungiyar OCDE ta ce a 2021, ƙwayar karbon guda da ta cika da fulorin ta isa. Hukumar muhalli ta Amurka, a dokarta ta 2023, ta nemi aƙalla biyu. Tsakanin ɗaya da biyun nan sinadarai da yawa suka sulale, har da TFA da ake samu cikin ruwan sama. Mu masu aikin fassara mun sani, kalma guda cikin doka takan buɗe ƙofa ko ta rufe ta. Faransa ma, a dokarta ta 2025, ta hana su cikin tufafi da kayan kwalliya, amma ta tsame kayan girki.

A ganinmu, ran da mahukuntanmu za su rubuta tamu doka, su ɗauki ma'ana mai faɗi. Abin da Turai ta ƙi, kasuwanninmu yakan nufo, cikin dilar gwanjo ko kwalin tukwane. Ma'aikacin duwan ba shi da ɗakin gwaji da zai tantance sunaye dubu goma. Mai shigo da kaya shi ya kamata ya kawo takardar abin da ke ciki. Dattawa suna tune da diyeldirin da aka fesa wa fara, sai daga baya wannan yarjejeniya ta Stockholm ta sa shi cikin guba goma sha biyu na farko da ta ɗaura wa takunkumi.