Filin Mata: Yadin Tatan na Mutanen Sikotlan

 Wata 'yar makaranta ta aiko tana tambaya, wai yadin nan mai gidan dara da ake ɗinka wa yara siket da shi, ina asalinsa? To, ga amsa.

Sunansa tatan, asalinsa kuwa ƙasar Sikotlan ce, a arewacin Ingila. Da gashin tumaki ake saƙa shi. Masaƙi yakan jera zaren tsaye launi-launi bisa ƙidaya, sa'an nan ya bi da na kwance a kan wannan ƙidaya daidai. Inda ja ya haɗu da ja sai ya fito jawur, inda ya ratsa shuɗi kuwa sai a ga wani launi na uku. Shi ya sa zare kala uku kan ba da launi shida.

A dā da saiwoyi da ganyaye suke rini, daga baya suka riƙa sayo baba daga ƙetare, irin wanda marinanmu suka sani.

A shekarar 1746, bayan mutanen duwatsun ƙasar sun yi tawaye an ci su da yaƙi, hukuma ta kafa doka ta hana maza da samari sa tufafinsu na gargajiya, sai soja kaɗai. Dokar ba ta shafi mata ba. An soke ta a 1782. Da Sarki Joji na Huɗu ya ziyarci birnin Edinbara a 1822, manya suka tarye shi cikin tatan, daga nan fa kowa ya shiga nema. A zamanin nan ne al'adar kowace zuriya da nata zanen ta kafu. Kafin haka mutum yakan sa abin da masaƙin garinsu ya saƙa ne.

Ga uku da ya kamata ku gane. Na rundunar Black Watch shuɗi ne da kore da baƙi, ba ya nuna dauɗa. Na gidan Stewart ja ne, da siraran ratsin fari da rawaya. Na Balmoral toka-toka ne, na gidan sarauta kaɗai. In mai kanti ya ce miki ja jini ne, kore daji, ki yi murmushi kawai, zancen ciniki ne.

Saura shawara ga mai ɗinki. Ki ƙara yadi a kan awonki, don sai ratsi ya haɗu da ratsi a kowane gefe, in ba haka ba rigar ta fito a karkace, kuɗi sun tafi a banza. In na ulu ne, kada ruwan zafi ya taɓa shi, zai tsuke. A wanke da ruwan sanyi, a shanya a inuwa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.