Makaranta Ba Ta Masu Lafiya Ce Kaɗai Ba

Wata rana ina zaune a ofis ina cika takardu, sai ga wani dattijo mutumin Kuyello ya shigo da ɗansa, yaro ɗan shekara goma sha huɗu wanda shan-inna ta shanye wa ƙafa. Yaron ya ci jarrabawa, an ba shi wuri a wata makarantar sakandare, amma wani malami ya dube shi ya ce wa uban, "Baba, da ka kai shi ya koyi gyaran takalmi, da ya fi masa." Uban ya tambaye ni ko haka doka ta ce.

To, jama'a, doka ba ta ce haka ba. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta hana a nuna wa naƙasassu bambanci, har da wajen neman ilmi. Tun 1994 ma ƙasashen duniya suka taru a Salamanka ta ƙasar Sifen, suka yarda makaranta ta karɓi ko wane yaro, ya zauna aji ɗaya da tsararsa. An daina samun shan-inna ta asali a Nijeriya, an tabbatar da haka a 2020, amma waɗanda ta taɓa kafin nan suna tare da mu, kuma waɗansunsu yanzu ne suka isa sakandare.

Malamai suna cewa aji ya cika maƙil, ba a koya musu maganar hannu ta kurame ba, ba su da kayan rubutun makafi. Gaskiya ne, kuma lalle gwamnati ta ji wannan kuka. Amma fa a faɗa mini, nawa ake kashewa kafin a zaunar da mai raunin gani a bencin gaba? Nawa ne kuɗin malami ya karanta da ƙarfi abin da ya rubuta a allo, ko ya fuskanci mai nauyin kunne in yana magana, ko ya tsawata wa yara masu ba'a? Ko kwabo. Ashe abin da ya yi ƙaranci ba kaya ba ne kaɗai, har da niyya.

Waɗansu kuwa suna cewa a kai su makarantarsu ta musamman, kamar ta makafi da aka buɗe a Gindiri a 1953. Wane manomi ne a Kuyello, wanda tashin hankalin daji ya raba da gonarsa shekara da shekaru, zai iya tura ɗansa uwa duniya? In makarantar kusa ta ƙi shi, sai bara.

Abin kunya ne a ce malamin allo ya fi mai takardar koleji fahimta. Ni na yi karatu da makaho a zaure ɗaya, ya riga mu duka haddace izu biyar, ba wanda ya ce ya tashi. Mun kuma san Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, amma Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sa shi kiran salla, ya bar masa riƙon Madina.

Ku da kuka fito ajin yaƙi da jahilci, ku tuna an taɓa ce muku kun tsufa da karatu, ga shi kuna karanta wannan da idonku. In an kori ɗan maƙwabcinku don lalura, ku raka uban wurin shugaban makaranta, ku tambaya da ladabi a nuna muku dokar da ta ce a kore shi. Allah ya sa malamanmu su gane.