Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: Tuƙi Da Waya

Yau maganarmu a kan tuƙi take. Wayar salula ta shiga birni da ƙauye, kuma amfaninta ba ya ƙidayuwa. Da ita manomi yake jin kuɗin hatsi a kasuwa, da ita ake kiran mota idan naƙuda ta zo wa mace da dare. Amma waya a hannun mai tuƙi masifa ce. Ra'ayina shi ne, laifin ba na direba kaɗai ba ne. Wanda ya kira shi yana da kaso, fasinjan da ya gani ya yi shiru shi ma yana da nasa.

Me lissafi ya nuna?

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta fitar da rahoto a shekarar 2023. Ta ce kimanin mutum miliyan 1 da dubu 190 suke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya. Haɗarin hanya ne ya fi kowace cuta kashe yara da samari masu shekara 5 zuwa 29. Idan aka auna da yawan jama'a, a Afirka aka fi mutuwa, alhali motocinmu ba su kai na Turai yawa ba. Hukumar ta ƙara da cewa mai tuƙi yana waya ya fi wanda ba ya waya shiga haɗari kamar sau 4.

Mu yi lissafi tare. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a sakan ɗaya. Sakan ɗaya kuwa ƙiftawa da bismilla ne. Idan direba ya sunkuyar da kai sakan 4 don ya ga wanda ya kira shi, motar ta ci mita 100, tsawon filin ƙwallo ke nan. Duk wannan tafiya an yi ta ba mai kallon hanya. Babur mai gudun kilomita 40 ma yana cin mita 11 a sakan ɗaya. Karanta saƙo ya fi haka ɗaukar lokaci, balle ga wanda bai daɗe da koyon karatu ba, yana haɗa baƙi ɗaya-ɗaya.

Yanzu ku tuna da babbar hanyarmu, wadda ta tashi daga Yamai ta bi Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Madawa, Maraɗi da Tasawa, ta kai Damagaram har Difa. Ta ratsa tsakiyar garuruwa da bakin kasuwanni. Da kaka amalanke yana bisanta ɗauke da damman gero, da magariba ba shi da fitila. Garken shanu yana ƙetare ta. Akuya tana faɗowa ba sallama, yaro yana bin ta da gudu. A cikin mita 100 duk wannan yana iya faruwa.

Tuƙi yana son abu uku

Tuƙi yana son ido, yana son hannu, yana son hankali. Waya tana ɗauke duka ukun. Wani zai ce: «Ni ba na riƙe ta, abin saurare nake sa wa a kunne.» OMS ta ce wannan bai rage haɗarin sosai ba. Dalili shi ne hankali. Wanda ya taɓa awon gero ya san haka. Kana ƙirga tiya, wani ya tambaye ka labarin gida, sai ƙirgen ya ɓace, alhali idonka yana kan tiyar. Haka direba yake. Idonsa yana kan hanya, hankalinsa yana wurin bashin da ake yi masa magana. Zai ga jaki, amma ƙafarsa za ta makara wajen taka birki.

Sababbin motoci suna zuwa da allo a gaban direba, mai nuna taswira da waƙoƙi. Wasu direbobi suna maƙala waya a jikin gilashi suna kallon fim. Ƴan kabu-kabu suna soke waya cikin hula, ko su saki hannu ɗaya su saurari saƙon WhatsApp. Duk abu ɗaya ne: ba a haɗa gudu da susar takashi.

Fasinja: taimako ko cikas

Hira da fasinja ta bambanta da hira ta waya. Fasinja mai hankali yana ganin hanya. Idan aka zo kwana ko kasuwa sai ya yi shiru, har ya ce: «Direba, ga shanu can.» Wanda ke cikin waya ba ya ganin kome, zuba kawai yake yi. Amma fasinja ma yana zama cikas. Akwai mai jan direba da gardama, akwai mai miƙo masa waya ya kalli hoto, akwai samari masu zuga abokinsu ya ƙara wuta.

Wasu suna cewa direba ɗan kasuwa ne, idan bai ɗauki waya ba zai rasa lodi. Gaskiya ne abincinsa yana cikin wayar. Amma yana da karen mota, shi ya amsa. Ɗan kabu-kabu kuma ya ratse gefe, minti ɗaya ya ishe shi. Wasu kuma suna cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. To, manomi ya san ruwa na Allah ne, amma bai fasa shuka da noma ba. Ku dubi hasarar: magidancin da ya karye a farkon damina, gonarsa ta kwana. Rumbu ba zai cika ba, ga kuɗin magani, wataƙila a sayar da sa ko tunkiya.

Abin da ya kamata mu yi

1. Direba, ka gama kiranka kafin ka tashi daga tasha. Idan kira ya zama dole a hanya, ka sauka gefe inda ba kwana, ka tsaya cak.

2. Ka gyara waƙa da taswira tun mota tana tsaye. Fim ba na mai tuƙi ba ne.

3. Mai kira, idan ka ji ƙugin mota ko iskar babur, ka ce: «Sai ka sauka,» ka kashe. Uwargida, kada ki yi fushi don maigida bai ɗauka ba yana bisa hanya.

4. Fasinja, ka yi magana da ladabi: «Malam direba, don Allah ajiye wayar, rayukanmu suna hannunka.» Sauran fasinjoji su goyi bayansa, kada su bar shi shi kaɗai. Kuɗin mota ka biya, kana da hakkin isa lafiya. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

5. Shugabannin tasha da ƙungiyoyin direbobi su sa wannan cikin dokokinsu, su hukunta wanda ya saba.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin rage mace-macen hanya da rabi tsakanin 2021 da 2030. Jandarma ba zai iya zama cikin kowace mota ba, amma a kowace mota akwai fasinja. Ku kai wannan magana fada da majalisa da wurin biki, ku karanta wa wanda bai iya ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kai mu gida lafiya.